Wanda Bai Zo Jiya Ba: Yadda Darasi Ke Wuce Ɗaliban Sakandare a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Malamin da ya daɗe yana riƙe rajistar aji a sakandaren jeka-ka-dawo tsakanin Funtua da Malumfashi yana iya gaya maka halin da gonaki ke ciki ba tare da ya taka daji ba. Da ruwan shuka ya sauka, sunayen yara maza sukan fara tara alamar fashi. Haka lokacin noman fari, haka maimai, haka zuba taki. In masara ta bushe wajen ƙarshen Satumba sai abin ya dawo sabo, ya zarce zuwa girbin waken suya da yankan dawa da cirar auduga, har cikin Disamba. 'Yan mata ma ba su tsira ba, don akwai ɓarar masara da sheƙa da kala, ga girkin 'yan ƙwadago da kai shi gona. Ranar kasuwa kuwa tana karɓar nata rabon kowane mako, rani da damina.

Ɗora wannan a kan jadawalin makaranta ka gani. Zangon farko yana farawa a Satumba ya ƙare a Disamba, wato ya faɗa cikin kaka tsundum. Zango na uku, wanda ake yin jarrabawar ƙarin aji a cikinsa, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da shuka da noma, kuma a tsakanin Mayu da Yuli ne 'yan aji shida ke zana WAEC da NECO. Zango na biyu ne kaɗai ya ɗan samu sarari, shi ma ban da garuruwan da ke da fadama irin su Danja da Kafur, inda tumatir da rake ba su san hutu ba.

Wannan cin karo yana da tarihi. A da masara abin bayan gida ce a nan, ana gasa ta a ci ɗanya kafin gero ya nuna. Shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda ya soma a 1975 tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, shi ya yaɗa ingantaccen iri da takin zamani, har masara ta zama amfanin kasuwa ta tsaya kusa da auduga, wadda tun zamanin Turawa ta sa aka san Funtua da injin gurza da tashar jirgin ƙasa. Yau buhunan da ke tashi daga kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua suna ciyar da garuruwa masu nisa. Amma masara ba ta da haƙurin dawa. In lokacin takinta ya wuce ya wuce, kuma magidancin da ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago ba shi da wasu hannuwa sai na 'ya'yansa. Akwai kuma samarin da su da kansu ke zuwa ƙwadago a gonar wani, don da kuɗin ne za su sayi littafi da takalmi da kayan makaranta. Duk wanda ya ce wa irin wannan yaro fashi lalaci ne bai san yadda aka yi ya zo ajin ba tun farko.

To, yaro ya yi kwana uku bai zo ba, ya dawo ranar Alhamis. Ina zai samu abin da aka yi?

Allon da ake gogewa

A yawancin makarantun gwamnati na wannan yanki, darasi yana rayuwa a wuri biyu ne kawai: a kan allo na tsawon minti arba'in, sannan a cikin littafin wanda ya kwafa. Littattafan karatu sun yi ƙaranci, waɗanda ke kasuwa kuma sun fi ƙarfin aljihun iyaye da yawa, saboda haka abin da malam ya rubuta, wanda yara ke kira not, shi ne littafin karatun gaba ɗaya. Wani lokaci malam ba ya ma rubutawa da kansa, sai ya miƙa wa monita ko wani mai kyan rubutu, ya wuce wani ajin. Da an kaɗa ƙararrawa, malamin gaba ya shigo, a goge allo. Aikin gida kuwa sau da yawa da baki ake faɗinsa, malam yana tattara takardunsa yana nufin ƙofa: ku yi lamba ɗaya zuwa biyar, a kawo ranar Litinin.

Mai dawowa ba shi da dabara sai ta aro. "Ara mini littafinka in kwafa" na daga cikin maganganun da aka fi yi a ajin sakandare. Amma mai littafi yana da nasa tsoron. In ya bayar aka tafi da shi wani ƙauye mai nisan kilomita biyar, ruwa ya jiƙa shi, ko mai aron ya sake yin fashi gobe, shi ke nan ya rasa karatun zango guda. Don haka sai a ce a kwafa nan take, lokacin tara, a tsaye ko a gindin bishiya. Darussa takwas ko tara na kwana uku ba za su kwafu cikin rabin sa'a ba. Yaro sai ya zaɓi mai sauƙi, ya bar fili a littafin Lissafi da Kimiyya da niyyar zai cike daga baya.

Wanda ya kwafa ɗin ma bai tsira ba. A Tarihi ko Nazarin Addinin Musulunci, kuskuren harafi ɗaya ba ya ɓata ma'ana sosai. A Lissafi da Kemistiri, alamar ɗebewa da ta ɓace ko ƙaramar lambar da ta hau sama maimakon ta sauka ƙasa ta isa ta rushe komai. Kuskuren monita ya shiga littafin na farko, na biyu ya ɗauka ya ƙara nasa, na uku ya haddace shi ya kai ɗakin jarrabawa. Kuma ko an kwafa daidai, rubutu aka samu, bayanin malam ya riga ya tafi.

Sannan ga maki. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, sakamakon ɗalibi bai tsaya ga jarrabawar ƙarshen zango kaɗai ba. Gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin gida, wato C.A., suna ɗaukar kashi 30 ko 40 cikin 100, gwargwadon tsarin makaranta. Wanda tes ya wuce shi ranar da yake karyar masara ya shiga jarrabawa da giɓin da zai yi wuyar cikewa. Wasu malaman sukan tausaya su sake ba shi, wasu su rubuta sifiri, wasu kuma, don kada takarda ta tafi da rami, su ƙaga masa maki. Na ukun nan shi ya fi illa ko da yake ya fi kama da alheri, don ya ɓoye wa kowa cewa yaron bai san abin ba. In aka haɗa da bulalar fashi da ke jiran sa a bakin ƙofa, da ta rashin kawo aikin da bai ma san an bayar ba, ba wuya fashin kwana uku ya zama na mako biyu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, rubutaccen bayanin abin da aka koyar yana nan a kowace makaranta. Akwai manhajar zango da aka rarraba mako-mako, akwai kuma littafin da malamai ke kira dayari, inda kowa ke rubuta abin da ya koyar, mataimakin shugaban makaranta ya sa hannu. Sai dai wannan littafi a ofis yake kwana, an tanade shi don ranar da masu duba makarantu za su zo daga ofishin shiyya. Ɗalibin da ya fi kowa bukatar sanin inda aka tsaya bai taɓa ganin cikinsa ba.

Shekarun da kowa ya yi fashi

Daga 2020 matsalar ta tashi daga ta yaro ɗaya ta koma ta makaranta sukutum. A Maris na shekarar aka rufe makarantun ƙasar nan saboda cutar korona. 'Yan ajin ƙarshe ne kaɗai suka koma a farkon Agusta, suka fara WAEC ranar 17 ga watan, sauran kuwa sai wajen Oktoba. Ba a gama daidaita zama ba, daren Juma'a 11 ga Disamba 'yan bindiga suka shiga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, suka kora ɗaruruwan yara cikin daji. Ranar 17 ga watan aka sako 344. Kwana biyu bayan haka aka tare 'yan Islamiyya kusan 80 a kusa da Mahuta ta ƙaramar hukumar Dandume suna dawowa daga Mauludi, Allah ya sa aka kuɓutar da su. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta Jihar Katsina ta rufe makarantu, kuma da aka tashi buɗewa, na kwana da dama ba su koma yadda suke ba: an mayar da wasu ɗalibai makarantun jeka-ka-dawo mafi kusa da gidajensu. Yaron da ya bar wata makaranta ana mako na shida a Fiziks ya tarar da sabuwar tana mako na tara, ko kuma ba ta da malamin Fiziks ɗin ma. A Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, an sake rufe makarantu a Katsina.

A lokacin korona an yi ta maganar karatu ta waya da rediyo da talabijin, kuma a garuruwa irin Funtua makarantun kuɗi sun buɗe zaurukan WhatsApp, da yawansu suna nan har yau. Ba na raina su. Hoton allo guda ɗaya da aka ɗauka kafin a goge ya fi kwafin hannu uku aminci, kuma saƙon murya na minti biyu da malam ya yi da Hausa yana isa har ga uwar da ba ta karanta boko. Amma a duba wa ke riƙe da wayar. Yawancin makarantu sun hana ɗalibai shiga da waya. A gida kuwa babbar waya ta uba ce ko ta yaya, tana tare da shi a kasuwa ko a tasha har dare, in ya dawo caji ya ƙare ko data ta ƙare. Yarinya kuma, ko wayar na nan, ba kowane gida ne zai yarda lambarta ta shiga zaure ɗaya da ta samari da malamai maza ba. A ƙauye ƙaramar waya mai tocila ce ta fi yawa, ita kuwa ba ta buɗe hoto.

Sai ga Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar don matsa wa 'yan bindiga, cikinsu har da Funtua da Bakori da Malumfashi da Dandume da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. An kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Sai a Disamba aka fara mayar da layukan. Kusan zangon farko gaba ɗaya ke nan. Makarantar da ta jingina sanar da aikin gida ga waya ta wayi gari ba ta da hanyar isa ga kowa. Mutanen wannan yanki sun ga abin da masu tsara manhajar waya a Legas ko Abuja ba sa sawa a lissafi: sabis abu ne da hukuma ke iya ɗaukewa da sa hannu ɗaya.

Wannan bai sa a yi watsi da na'ura ba. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport mai ɗauke da darussa kyauta, kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Sai dai irin waɗannan ɗakunan karatu na intanet suna gaya wa yaro abin da ke cikin manhajar ƙasa ne. Ba za su gaya masa inda malaminsa na aji biyar ya tsaya ranar Talata ba, ko wace lamba aka ce a yi. Rediyo ma haka, murya ɗaya ce ga jiha guda.

Wani gwaji da aka yi a Botsuwana a 2020 ya dace da halinmu. Ƙungiyar Young 1ove ta bi gidaje kimanin 4,500 na 'yan firamare lokacin da makarantu ke rufe. Wasu an riƙa aika musu tambayoyin Lissafi ta rubutaccen saƙo kowane mako, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na minti 15 zuwa 20. Saƙon shi kaɗai bai taɓuka abin kirki ba. Inda aka ga ci gaba shi ne inda mutum ya kira ya bi aikin tare da yaro. Da ƙaramar waya aka yi, kuma abin da ya yi aiki shi ne akwai wanda aka ɗora wa alhakin tambayar yaron ina ya kwana.

Abin da ke maƙwabtaka da mu

Ba sai an je Botsuwana ba. Yawancin waɗannan yara sun bi ta makarantar allo, wadda ta girma a cikin manoma kuma ta san damina. A can kowane almajiri yana da allonsa, karatunsa na rubuce a kai, ba a wankewa sai ya biya malam ya gamsu. In ya tafi gona mako guda, ya dawo ya tarar da karatunsa inda ya bar shi. Gardi ko wani na gaba da shi ya biya masa, ya ci gaba. Haka karatun zaure: kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya.

Sakandare ba za ta iya zama haka ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya yi tanadin ɗalibai kimanin 40 ga malami ɗaya, amma aji mai ninkin haka ba baƙon abu ba ne a cikin gari, kuma jarrabawar WAEC ba ta jiran kowa. Duk da haka akwai abu biyu da za a iya ɗauka kai tsaye: karatu ya zauna a wurin da mai dawowa zai same shi, kuma a san takamaiman wanda zai biya masa.

Na farko bai wuce babban littafi ɗaya mai bangon kwali ga kowane aji ba. Kowace rana shafi guda: darasi, kan maganar da aka yi, aikin da aka bayar, ranar kawowa, ranar tes. Ɗalibai biyu su riƙa rubutawa bi da bi, malamin kowane darasi ya duba ya sa hannu kafin ya fita, abin da ba zai ci masa minti ɗaya ba. Kusa da shi a ajiye cikakken not na kowane darasi wanda malam ya gyara da jan biro, wanda ba ya barin makaranta. In akwai mai babbar waya cikin malamai, ya ɗauki hoton shafin ya tura wa iyaye, to madalla, amma takardar ce asali, hoton rakiya ne. In sabis ya ɗauke, littafin na nan.

Na biyu shi ne a haɗa yara ta unguwa ko ta ƙauye, ba ta jerin sunaye ba. Waɗanda ke tahowa hanya ɗaya a ƙafa ko a keke sun riga sun san wanda bai fito ba da dalilinsa. A ce cikin kowane uku ko huɗu, wanda ya zo shi ke da alhakin kai wa wanda bai zo ba labarin aiki kafin magariba, mata a tsakaninsu, maza a tsakaninsu. Yara na yin haka da ma a tsakanin abokai. Bambancin shi ne wanda ba shi da aboki mai ƙoƙari, ko sabon zuwa da aka maido daga makarantar kwana, ko ɗan gudun hijirar da iyayensa suka baro ƙauyukan Faskari ko Sabuwa suka rakuɓe a Funtua, shi ma zai samu mai nemansa.

Akwai na uku da ya fi waɗannan sauƙi, amma ba a cika yi ba: a faɗa tun kafin a yi fashin. Fashin noma ba kamar zazzaɓi yake ba, an san da zuwansa. In malam ya ba aji jerin abin da za a yi cikin makonni huɗu masu zuwa, da ranakun tes, a takarda ɗaya da aka buga ko aka manna a bango, uba na iya cewa a bar karyar masara zuwa Asabar tunda Laraba akwai tes. Iyaye da yawa ba ƙin karatu suke yi ba, ba wanda ya taɓa gaya musu wace rana ta fi wata nauyi. A kuma ware rana ɗaya a wata don rama tes ga wanda ke da uzuri sananne. Masu shagunan tura fina-finai a memori, da ke kowace kasuwa, suna iya tura bayanin malam da aka naɗa kamar yadda suke tura waƙa.

Za a ce wa zai ɗauki wannan ƙarin aiki, kuma tambayar tana kan hanya. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai fiye da 7,000 bayan hawanta a 2023, amma har yanzu malamin Lissafi ko Turanci a makarantar karkara yana iya riƙe azuzuwa da yawa shi kaɗai. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023, wanda ke zaune a Funtua ko Malumfashi yana koyarwa a ƙauye yana ƙirga kowace tafiya da kuɗin mai. Shi ma, in za a faɗi gaskiya, manomi ne, kuma rajistar malamai tana da nata labarin damina. Ba adalci ba ne a ce ya sayi data ko kati daga albashinsa. Kuɗin littafin aji da takarda da ɗan katin kira abu ne da ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta za su iya ɗauka, kuma bai kai kuɗin buhun taki ɗaya ba a zango.

Za a kuma ce sauƙaƙa wa mai fashi zai ƙara fashin. Ban yarda ba. Bulala da sifiri an daɗe ana gwada su, ba su hana damina zuwa ba. Abin da ke korar yaro daga makaranta dungurungum shi ne ranar da ya zauna a aji ya ga ba ya gane komai, ya ga ƙwadago ya fi masa ma'ana.

Saura maganar jadawalin kansa. A Sikotland har yau ana kiran hutun Oktoba da sunan dankali, saboda a da don tonon dankalin Turawa ake ba da shi, kuma a arewacin jihar Maine ta Amurka wasu makarantu na ba da hutun girbi. Mu ma mun ga jadawali na motsawa in an so: a 2025 Katsina da Kano da Kebbi da Bauchi sun daidaita hutunsu da azumin Ramadan, duk da surutun da abin ya jawo. Ba abin da zai hana Ma'aikatar Ilimi ta ba shiyyoyin Funtua da Malumfashi damar ɗaukar mako biyu a tsakiyar kaka su rama a wani lokacin, musamman ga azuzuwan da ba su da jarrabawar fita. Sai dai kakar wannan yanki ta fi wata uku, daga masarar farko zuwa audugar ƙarshe, kuma gidan da ya shuka waken suya ba rana ɗaya yake girbi da wanda ya shuka dawa ba. Mako biyu zai rage fashin, amma ranar da aka koma aji za a tarar da kujerun wasu babu kowa.